Batirin Kibod ɗin Yayana

Ba zan taɓa mantawa da ranar wunin bikin Dije a Kebbe ba, ko da yake na so in manta.

Dije 'yar yayana ce, Allah ya jiƙansa. Yayan nawa malamin makaranta ne a Tambuwal. A shekarun da kuɗin mai ya yawaita, abokansa na sayen babur, shi kuwa kibod na kiɗa ya sayo, irin wanda mutum ke haɗa sauti da kansa ya ajiye a ciki. Ya yi watanni yana bin makiyaya a dajin Kebbe yana sauraren sarewarsu, har ya haɗa irinta. In ya danna lamba bakwai, sai ka rantse makiyayi ne ke busa a bayan gida.

Ni mai gyaran rediyo ne, amma bai taɓa bari na kwance ko ƙusa ɗaya a jikin kibod ɗin ba. Abokinsa Malam Umaru na Kebbe kaɗai ke taɓawa (mutumin da a ganina ko tocila bai iya gyarawa ba). Abin ya daɗe yana cina.

Bayan rasuwarsa kibod ya dawo ɗakina. Da biki ya matso, Dije ta roƙi abu ɗaya, a busa mata sarewar babanta. Na kunna, sarewa na nan, sai dai ya nuna batirin ciki ya yi sanyi. Ɗan batir ne kamar kwabo, shi ke riƙe da duk abin da aka ajiye. Uwar Dije ta ce a kai wa Malam Umaru. Shi ma ya aiko cewa kada in taɓa sai mun haɗu. Wannan saƙon ne ya sa na taɓa.

Na narkar da dalma, na cire tsohon, na liƙa sabo. Fitila ta kama, na rufe abina. Ban ko danna lamba bakwai ba (gwaji ai na 'yan koyo ne, in ji ni).

Ranar wuni bayan la'asar aka tada janareto a ƙofar gida, mata suka cika zaure. Na sanar da ƙarfi cewa ni na yi gyaran. Malam Umaru ya danna bakwai, sai ga ƙara kamar ta tunkiya mai mura. Ya dube ni, ya ce a hankali, "Ka ɗauke sautin a kaset kahin ka cire batir?"

Ban ma san ana yi ba.

Daga cikin zaure Dije ta ce, "Baffa, ina sarewar Baba?" Na rasa inda zan sa idona.

Malam Umaru ya miƙe. Ya hau babur ya je gida, ya dawo da rikoda da kaset, ya haɗa waya don mayar da sautin cikin kibod. Bayan wani ɗan ƙugi, ya danna bakwai, sarewa ta dawo. Sai kukan Dije daga cikin zaure. Ni ma na juya baya na gyara hula.

Da aka watse ya nuna mini kwalin kaset ɗin. Rubutun yayana ne: "Ajiyar Umaru. Kada a ba ƙanena, zai ɗauki waƙa a kai." Na so in ji haushi, sai na tuna kaset biyu nasa da na taɓa yi wa haka.

Tun daga ranar, in an ce kada in taɓa abu, nakan tambayi dalili kafin in ɗauko sukundireba. Kishin Malam Umaru kuwa bai tafi ba. Har yau rubutun hannun yayana na wajensa, ni tsohon batir nake ajiye da shi.