Ƙullin Kaka Norjma

"Sannu da faɗuwa, maigida! Ka gaishe min da ƙasa?"

Kaka Norjma ce ke tsokana. An ka da jikanta Sodnom a kokawar bikin bazara. Wanda ya sha kaye, wajibi ne ya kwance igiyar 'yar rigarsa, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin hammatar wanda ya ka da shi. Wanda ya ƙi, kunyar har tantin gidansu. Ga Gombo can, wanda ya yi nasara, tsaye da hannu a sama kamar reshe yana jiran tsuntsu. Sodnom kuwa ya rugo bakin fili yana fama da igiya, jama'a sun fara gunaguni.

"Tsohuwa, wane irin ƙulli kika yi min da safe?"

"Irin na raƙumi mai gardama. Ya dace da kai."

"Ya ƙi kwancewa! Cewa za a yi girman kai ya hana ni sallamawa."

"Wane kan? Wanda aka dasa a ciyawa yanzu kamar albasa?"

Ta san aikinta ne. Da ta zo ɗaure masa igiyar sai ta ninka ƙullin, tana roƙon kada ya kwance shi yau. Sama ba ta amsa roƙon ba, igiya ce ta amsa. Gumi ya jiƙa ta, ta kumbura, ta kafe.

"Ba ni wuƙa, amarya."

"Ka yanka saƙar hannuna a gaban mutane? Auren ya mutu ke nan. Matso, rago, in sa haƙori."

"Haƙoran nawa suka rage?"

"Biyu. Kuma sun fi ƙafafunka tsayuwa."

Gombo ya soma gajiya da ɗaga hannu. Alƙalin wasa ya nufo su fuska a ɗaure. Kaka Norjma ta damƙi ƙullin da baki, ta runtse ido, ta ja har ƙwalla. Wani abu ya yi ƙas, igiya ta saki.

Sodnom ya koma a guje, rigar tana lilo, ya duƙa ya wuce ƙarƙashin hammata. Gombo ya bubbugi bayansa, fili ya ɗauki shewa. Sai a lokacin numfashin tsohuwar ya sauka.

Da ya dawo, ya tarar da ita tana kallon haƙorinta a tafin hannu.

"Ashe mu biyu aka kayar yau," in ji shi. Ya ɗaga mata hannu. "Bismillah, kin san al'ada."

Ta yi dariya da haƙori ɗaya, ta wuce ƙarƙashin hammatarsa ba tare da ta ko sunkuya ba. Sannan ta zaro busasshen cukun da ta ɓoye wa kanta.

"Ungo, angona, na sallama. Ni da tauna kuma sai labari."