Ranar da Na Karanta Cigiyar Kaina

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, a tsakiyar Disamba, ƙarfe bakwai da minti talatin da biyu daidai (agogon bango nake fuskanta, shi ya sa na riƙe mintin). Wurin kuwa ɗakin watsa shiri ne na ƙaramin gidan rediyonmu da ke Tanut. Mutum uku ne suka ga abin da idonsu: Lawali mai kula da na'urori, Hajiya Rabi daraktarmu, da wani dattijo da ban san shi ba a lokacin, ana ce masa Baba Abari. Waɗanda suka ji da kunnensu kuwa, duk wani mai rediyo ne daga nan har Gangara da Tarka.

Amma sai na koma farkon kaka, don a can abin ya samo asali.

Ni ke gabatar da shirin safe: gaisuwa, labaran gari, sannan cigiyar dabbobin da suka ɓata, wadda ita ce mutanen yankinmu na Damargu suka fi kasa kunne dominta. Kafin rediyo na koyar a lakwal, wato makarantar boko, saboda haka har yau kowa a gari Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman boko a nan (a riƙe sunan nan, zai dawo). Gidana yana can bakin gari ta hanyar Damagaram, rediyo kuma a ɗaya ƙarshen. Da damina ta ja baya sai injin motona (babur ke nan) ya mutu murus. Makaniki ya ce sai an aiko da kayan gyara daga Damagaram, kuma har yau ana kan aikowa. Na koma jiran kabu-kabu, wanda samunsa da asuba sai an dace. Cikin mako biyu na makara sau huɗu, Lawali yana cika gurbina da kiɗa.

Hajiya Rabi ba mai ɗaga murya ba ce. Ta kira ni biro, wato ofishinta, ta bari na zauna, sannan ta ce, “Mushe, makiyayi yana kunna rediyo ƙarfe bakwai ne don ya ji ko an ga raƙuminsa, ba don ya taka rawa ba. In ka ƙara makara sau ɗaya daga yau zuwa ƙarshen ɗari, shirin safe ya bar hannunka. Sai in mai da kai na azahar.”

Shirin azahar kuwa ko matata ba ta saurarensa.

A ranar na shiga ɗakin ajiya na fito da tsohon keken wana, baƙi, irin na China, wanda rabin dattawan garin nan suke da irinsa. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma mai makirfo a gabansa ba ya iya riƙe alkawari a ciki. Washegari na sanar da jama'a, da muryar da nake karanta labarai, cewa daga kakar nan har sanyi ya wuce a keke zan riƙa zuwa aiki, kuma ba za a ƙara jin kiɗa ƙarfe bakwai ba.

Kaka ta fara koya mini hankali. Kan kwalta ba laifi, in ka cire manyan motocin Agadas da kan wuce su bar ka kana rawa a gefen hanya. Matsalar tana farawa ne inda kwalta ta ƙare. Rairayin Tanut ba ya gaba da kowa sai mai keke: taya ta nutse, ka taka feda, ka tsaya cak a inda kake, mai amalanken jaki ɗauke da dammunan gero ya wuce ka yana yi maka sannu da aiki. In ka kauce wa rairayi ka bi ta ciyawa, ƙarangiya ta kama ƙafar wando har gwiwa, tsaidau kuma ya huda taya. Mai facin da ke bakin kasuwa ya kai ga daina tambayata abin da ya kawo ni. Ƙararrawar keken ta daina magana tun mako na biyu, sarƙa tana zamewa duk lokacin da na ga mutanen da nake jin kunyarsu. Duk da haka ban makara ba, don na fitar wa kaina tsari: in bar gida da duhu, in yi sallar asuba a masallacin tasha, wanda yake tsakiyar hanya, daga nan zuwa rediyo minti ashirin da biyu. Na auna shi ya fi sau talatin. Bai taɓa raguwa ba.

Sai ɗari ya sauka. Wanda bai tuƙa keke da asubar Disamba a Damargu ba bai san yawan gaɓoɓin da ke yatsunsa ba. Na koma sa wando uku, riga biyu da kwat, in naɗe kai da shuɗin rawani har ido kaɗai ya rage. Hannu ne ya gagara. Wata safiya matata ta ga ina hura yatsu a ƙofar gida, ta koma ɗaki ta fito da wasu jajayen safa na zamanin da nake buga ƙwallo.

Na ce, “Haba, waɗannan ai na ƙafa ne.”

Ta ce, “Malam, sa abinka. Hannu bai san na ƙafa ba ne.”

Na sa. Gaskiya ta faɗa.

To, ranar Talatar nan. Bayan an sallame sallah na jingina da bangon masallaci ta wajen da iska ba ta shigowa, da niyyar in ji ɗumi na minti biyu. Dattawa suna ta lazimi ƙasa-ƙasa. Da na buɗe ido agogona yana nuna bakwai saura minti goma sha bakwai. Ba sai na yi wa kowa lissafi ba: tafiyar minti ashirin da biyu, ga sha bakwai a hannu, ga shirin azahar yana jirana. Na zabura, na zura takalmi, na zura safa a hannu, na fizgi baƙin keken da ke jingine da bango, na haye. Na ji wani yana ƙwala kira a bayana, amma ta cikin rawani mai naɗi uku kowace murya gaisuwa ce. Na ɗauka mai sauraro ne ya gane ni, sai na ɗaga masa jan hannu ɗaya na wuce.

Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Keke ya riƙa tafiya kamar ana tura shi. Sarƙa ba ta yi ko tari ba. Na shiga rairayin da kullum nake sauka in ja, na keta shi a zaune. Wani jaki ya tare hanya, na danna ƙararrawa bisa sabo, ta amsa da murya biyu masu daɗi, jaki ya kauce. Sirdi ma na ji ya yi laushi. Mai hankali da ya tsaya ya duba ƙasa. Ni kuwa sai na ce a raina: ashe haka motsa jiki yake, wata uku kana wahala, rana ɗaya jiki ya buɗe.

Na iso bakwai saura minti huɗu. Na tura keke ɗakin injin wuta da ke bayan gida, inda na saba ɓoye shi, na shiga, na cire safa na ajiye gefen makirfo. Da Lawali ya ba ni alama na yi sallama, kuma (Allah ya yafe mini) na ƙara da cewa, “Masu sauraro, tafiyar da nake yi a minti ashirin da biyu, yau a sha uku na yi ta. Ƙafa ta saba. Duk mai shakkar amfanin keke ya zo ya gan ni.”

Bakwai da rabi muka shiga cigiya. Na karanta ta wata taguwa daga wajen Tarka, da ta awaki biyar. Sai Hajiya Rabi ta turo ƙofa a hankali ta miƙo mini takarda da rubutun hannunta, ta nuna mini wani dattijo a bayan gilashi, tsaye, riƙe da sanda. Ƙa'idar aikinmu ta farko ita ce kada ka karanta wa jama'a abin da ba ka fara karanta wa kanka ba. Ni na koya wa Lawali ita. Amma mutumin da ya yi tafiyar ashirin da biyu a sha uku ba ya bukatar ƙa'ida. Na gyara murya na fara.

“Baba Abari na unguwar tasha yana cigiyar kekensa da aka kora daga ƙofar masallacin tasha yau da safe. Baƙa ce. Shekararta tara a hannunsa, ba ta taɓa ɗingishi ba.”

(Na lura da nahawun, har na ji daɗinsa. Keke namiji ne a bakin kowa, amma daga baya na ji cewa Baba Abari tsohon mai raƙuma ne, duk abin hawan da yake ƙauna taguwa ce a wurinsa. Hajiya kuma yadda ya faɗa haka ta rubuta.)

“Shaidarta: ƙahonta na hagu an naɗe shi da jar fata. Sirdinta fatar akuya ce. Ƙararrawarta tana da murya biyu.”

A nan na tuna ƙararrawar da ta kori jakin ɗazu. Amma bakin ɗan rediyo ba ya jiran kansa, gaba yake yi.

“Wanda ya kore ta mutum ne siriri daga sama, mai ƙiba daga ƙugu zuwa ƙasa, da shuɗin rawani. Ya sa jajayen safa a hannu kamar wanda ba a nuna masa inda ake sa su ba. Da aka kira shi sai ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa.”

Na ɗago ido. Lawali ba ni yake kallo ba, safan yake kallo, suna nan kwance a gefen makirfo, ɗaya kan ɗaya. Ya kalli rawanina. Sannan ya toshe baki da hannu biyu ya sulale ƙarƙashin tebur. Saura layi ɗaya a takardar, kuma ban san dalili ba, na karanta shi.

“A madadinta ya bar wani mushe jingine da bango. Mai mushen ya zo ya ɗauke abinsa kafin ya dami masallata.”

Shiru ya biyo baya. Daƙiƙa huɗu ne, na ƙirga, kuma a rediyo daƙiƙa huɗu shekara ce. Da zan iya yi wa Lawali alama ya sa kiɗa, amma yana ƙarƙashin tebur. Ko da yana sama ma, garin nan ƙarami ne, mai safa a hannu kuma ɗaya ne. Kafin azahar labarin zai kai Belbeji cewa mai karanta cigiya shi ke korar kayan mutane. In dai za a ba da labarin nan, gara ya fito daga bakin wanda ya iya ba da labari. Na matso kusa da makirfo.

“Masu sauraro, ga wani labari da ya shigo yanzu. An ga keken Baba Abari. Tana nan lafiya a bayan gidan nan, ba ta ji ciwo ba. An kuma gano wanda ya kore ta, shi ne yake yi muku magana. Mushen da aka bari a masallaci kuwa na Mushe ne.”

Ƙofa ta buɗe, Baba Abari ya shigo da sandarsa. Ba wanda ya rufe makirfo.

Ya ce, “Kai ne mai karanta cigiyar?”

“Ni ne, Baba.”

“Kai ne kuma ɓarawon?”

“Ni ne, Baba, amma bisa kuskure. A gafarce ni.”

“To, aiki ya zo da sauƙi.” Ya dube ni sama da ƙasa, ya daɗe a wajen wando ukun. “Ina bayan ɗan kabu-kabu na ji ka a wayarsa kana cewa ƙafarka ta saba. Ɗana, ba ƙafarka ba ce. Mai nake ba ta duk Juma'a.”

Wayar gidan rediyo ba ta huta ba har ƙarfe tara. Wani makiyayi ya bugo daga wajen Gangara yana ba da shawarar a tsaga mini kunne, don in na ƙara ɓata a gane ni. Wata tsohuwa ta ce tunda take jin cigiya ba ta taɓa jin wadda aka biya bukata kafin a gama karanta ta ba, Allah ya yi wa rediyo albarka. Da na fito, Hajiya Rabi tana tsaye a baranda, idonta ya yi ja saboda dariya amma fuskarta a ɗaure.

“Mushe, ƙarfe nawa ka iso?”

“Bakwai saura minti huɗu, Hajiya.”

“To ba ka makara ba,” ta ce, ta shige biro.

Da hantsi muka koma masallacin tasha ni da Baba Abari, shi a kan taguwarsa, ni a ƙasa. Ya zagaya mushena sau biyu yana girgiza kai, ya ce dabba ba ta lalacewa sai a hannun wanda ba ya duba ta. Ya wanke sarƙar da kananzir ya ɗiga mata mai. Ya tsaga tsohuwar robar ciki ya shimfiɗa ta a cikin taya, don tsaidau ya huda ya gaji bai kai ga iska ba. Ya nuna mini yadda ake rage wa taya iska kaɗan in za a shiga rairayi. Ƙararrawa ce kaɗai ya ce ta riga mu gidan gaskiya. Washegari na auna: minti goma sha shida.

Abin da na koya bai da yawa. Takarda, a karanta ta kafin a buɗe baki. Kuma duk ranar da na ji abu ya zo mini da sauƙi fiye da kullum, kafin in yaba wa ƙafata nakan sunkuya in duba ko a kan kayan wani nake zaune.

Ɗari ya wuce ban makara ko sau ɗaya ba, shirin safe yana hannuna har yau. Baba Abari kuwa ya sayi sarƙa da kwaɗo. Ba ya kulle ta sai ya ga na shigo masallaci.