Hannuna a Kaset ɗin 'Yan Kwantena

Ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Asabar a unguwar Bagdadiyya ta Jidda ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Har yau in na bi ta gaban gidan shayin nan a mota, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in ƙara wuta in wuce.

Amma bari in faro muku daga tushe. Duk wanda ya gan ni yanzu da tumbi da furfura, ina zirga-zirga a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda ina fitar wa 'yan kasuwa kayansu, ba zai yarda na taɓa zama ɗan kiɗan pank ba. To na yi. Shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce mu huɗu ne: Bala mai waƙa (in dai ihu waƙa ne), Faisal mai jita, Isufu ɗan Damagaram mai ganguna, sai ni mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya da ƙirji ke fara ji kafin kunne. Muka raɗa wa kanmu suna 'Yan Kwantena.

Ga wanda bai san pank ba, kiɗa ne mai gudu da hayaniya. Waƙa kafin ka gyara zama ta ƙare, mawaƙi kuma yana fusace yana amayar da duk abin da ke cin ransa. Faisal ne ya kawo mana shi a wasu kasa-kasai da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba shi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta kama sunan ba. Kiɗan fanke take cewa. In na dawo gida jiƙe da gumi sai ta dube ni ta ce, "Kai Dogo, wannan fanken naku da kullum ake soyawa, ko guda ba za a kawo mana mu ɗanɗana ba?"

Abin da ya fi burge ni da pank shi ne wata magana da Faisal ya yi ranar farko. Ya ce, "Wannan kiɗan ba sai ka iya ba. Zuciya ake so." Sauran sun ji maganar suka wuce, suka ci gaba da koyo. Ni kuwa na riƙe ta hannu bibbiyu. Ban ƙara wahalar da kaina da wani koyo ba.

A lokacin babu inda za ka yi irin wannan kiɗa a fili. Sai dai kawuna yana da sito kusa da tasha, cike da buhunan shinkafa har rufi, makullin kuma a hannuna yake. Buhunan nan su ke shanye ƙara. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, unguwar ta yi tsit, sai mu shige mu rufe ƙofa, mu yi ta zuba gumi kamar masu dako.

Waƙoƙinmu rabi Hausa rabi Larabci, yadda muke magana a gida. Akwai ta iƙamar da ta ƙare, wato takardar izinin zama, akwai ta kafili, ubangidan da ya tsaya maka a takardar, da ba ya ɗaga waya, akwai ta zafin Jidda. Wadda ta fi taɓa mu ita ce ta mutumin da aka haifa a garin nan, aka haifi ubansa a garin nan, amma kullum sai an tambaye shi, "Kai ɗan ina ne?" Sunanta muka sa wa kaset ɗin gaba ɗaya: Haifaffen Nan.

Faisal ya aro wata rikoda mai layi huɗu, kowane kayan kiɗa da layinsa, kowa ya buga nasa daban sannan a haɗa. Isufu sai ya maimaita nasa har hannunsa ya yi kanta. Faisal haka. Ni kuwa bugu ɗaya nake yi. Ina ajiye bes sai su haɗa baki, "Mumtaz, Dogo! Halas, ya yi!" Daga nan Bala ya ce yunwa yake ji, in taimaka in sayo mana ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, tunda ni na gama nawa. Ina tafe a rana ina tausaya musu a raina. Kowa da irin baiwar da Allah ya ba shi, in ji ni.

Muka kwafi kaset ɗin muka rarraba wa abokai. Daga nan rayuwa ta yi halinta. Bala ya buɗe shagon turare ya tara gemu, Isufu ya kama aikin direba a Abhur can gefen gari, Faisal ya shiga gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, ni na gaji aikin kawuna. Aure, 'ya'ya, hawan jini. Muka manta.

Ashe kaset bai manta da mu ba. Wani bawan Allah da har yau ba mu san shi ba ya ɗora shi a intanet. Da gari ya canza, aka fara kiɗa a fili, sai ga samari da 'yan mata masu nasu ƙungiyoyin suna cewa wai daga Haifaffen Nan suka koya, wai mu muka buɗe hanya. Ni duk ban san wainar da ake toyawa ba, sai ranar da 'yata Hadiza ta shigo falo da waya a hannu, idanu waje.

Hadiza tana jami'a. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi ta sai ta yi ta tuntuɓe ta koma Larabci, ni kuma kullum ina mata gori a kan haka. A wurinta ni dai uba ne mai barci a gaban talabijin. Ta miƙo mini wani tsohon hoto, wani siririn yaro da gashi buzu-buzu rungume da bes.

"Baba, haza inta? Kai ne wannan?"

Na ce ni ne. Ta yi mini wani kallo da rabona da shi tun tana 'yar ƙarama, lokacin da take zaton zan iya ɗaga mota da hannu ɗaya. Jama'a, kallon nan shi ya kai ni ya baro.

Daga ranar na zama wani mutum. A wajen cin abinci ba ni da zance sai na sito. Labarin da na ba da yau, gobe sai ya ƙara ƙiba. Har na sayi baƙar rigar fata (a Jidda fa, inda ko kyanwa neman inuwa take). Matata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya ba da lafiya," ta koma kicin.

Ana haka sai wata yarinya mai suna Samira, mai aikin gyaran sauti, wadda kakanninta Sakkwatawa ne, ta nemi Faisal. Ya tono mata ainihin kaset ɗin da muka yi ɗauka a kansa, ta wanke sautin ta zuba a kwamfuta. Aka shirya ƙaramin taro a wani gidan shayi a Bagdadiyya don a saurara tare, aka gayyace mu mu huɗu. Hadiza ta gayyato ƙawayenta kaf, ta zaunar da su a layin gaba.

Wuri ya cika. Aka sa kaset, yara na ta bin waƙa baiti-baiti, har da waɗanda ba su jin Hausa ko kalma. Na ga Bala yana goge ido da gefen rawaninsa. Da a nan aka tashi, da ranar ta zama mafi daɗi a rayuwata.

Sai aka zo tambayoyi. Wani saurayi mai ɗan kunne ya miƙe ya ce, "Ya ammi, baffana, bes ɗin kaset ɗin nan shi ya sa na fara kiɗa. Yaya aka yi ka samu wannan salon?"

Na karɓi makirufo na gyara rigar fata. Na ce salo ba koyonsa ake ba, da shi ake haihuwar mutum. Na ce a cikin kiɗan nan akwai ƙarar injin jirgi, akwai takun kakanninmu da suka tako sahara zuwa hajji (wallahi haka na ce). Na ce ban taɓa maimaita waƙa sau biyu ba, kuma ga abokaina nan shaida ne. Na juya gare su. Isufu yana kallon silin. Faisal ya tsura wa kofin shayinsa ido kamar zai ga ƙasan rijiya. Bala kuwa ta ƙarƙashin tebur yake jan gefen rigata, ni kuma na ɗauka hassada ce, na buge hannunsa.

Babu wanda ya aike ni, ni na kai kaina. Na dubi Samira na ce, "'Yata, tunda kowane kiɗa da layinsa, akwai halin a kashe sauran a bar bes shi kaɗai? Yaran nan su ji hannu tsantsa."

Faisal ya ƙware da shayi. Ya ce, "Dogo, magariba ta kusa, a bar shi wani lokaci."

Na ce, "Faisal, an ji jitarka shekara da shekaru. Yau ka bari a ji ni."

Samira, baiwar Allah, ba ta san komai ba, don waƙoƙin kawai ta gyara, ba ta bi abin da ke tsakaninsu ba. Ta danna. Bes ya cika ɗakin, tsaf, ba gargada, yana tafiya kamar doki mai ƙoshi. Ni kaina sai da na yi mamakin kaina. Na lumshe ido ina kaɗa kai, ina motsa yatsu a iska. Na ce, "Kun ji nan? Ku saurari wannan juyin. Ko ni ban san yadda na yi shi ba."

Gaskiya na faɗa, ashe.

Waƙa ta ƙare, aka fara tafi, amma kaset bai tsaya ba. Sai ga wata murya ta fito daga lasifika, muryar Faisal yana saurayi: "Halas, wannan ma na shafe nasa na sa nawa."

Sai muryar Isufu: "Yi sauri ka kama ta gaba, kafin Dogo ya dawo da tamis."

Sai Bala: "Duk wanda ya gaya masa ban yafe ba. In ya yi fushi ya tafi da makullin sito, a ina za mu ƙarasa?"

Aka ji dariya ƙasa-ƙasa, aka ji ƙarar ƙofa. Sannan wata murya mai cike da farin ciki, wadda na sani fiye da kowace murya a duniya, ta ce, "Ga ful da zafinsa! Kun sake sauraron nawa? Ai na faɗa muku, baiwa ce!"

Yatsuna na nan a iska inda na bar su. Na ɗan samu sa'ida da na tuna rabin mutanen ba su jin Hausa. Sai wata daga baya ta ce, "Esh galu? Me suka ce?"

Hadiza ce ta miƙe. 'Yata ta cikina, wadda na shekara ina cewa Hausarta ba ta kai ta sayi gishiri ba, ita ta fassara musu zancen nan zuwa Larabci kalma bayan kalma, ba ta zubar da ko ɗaya ba, har da kwaikwayon muryata wajen "baiwa ce". Ba ta kai ƙarshe ba dariya ta ci ƙarfinta ta durƙushe. Gidan shayi ya kece. Wani har da faɗowa daga kujera.

Na juya wajen Faisal, gumi na bin bayana cikin rigar fata. Na ce a hankali, "Waƙa nawa?" Na manta makirufo na bakina.

Ya ce, "Duka, ɗan'uwa."

"Ko ɗaya ba ku bar mini ba?"

Isufu ya ce, "Mun so mu bari, wallahi. Mun saurara, mun sake saurara. Dogo, kai da ganga ba ku taɓa haɗuwa a hanya ba."

Bala ne ya karɓi makirufo, yana dariya yana share hawaye. Ya ce, "Ku ji nan, yara. Mutumin nan bai iya bes ba, ba zai kuma iya ba. Amma shi ya ba mu wuri, shi ya yi ta yi wa kawunsa dabara, shi ya ɗauko lasifika a ka. Ranar da muka ce mun gaji mun fasa, shi ya bi mu gida-gida ya kwaso mu. Ba don shi ba, da babu kaset."

Sai saurayin nan mai ɗan kunne ya ciro nasa bes ɗin ya rataya mini a wuya, yara suka ɗauki "Yalla, ammi! Yalla, ammi!" Isufu ya zauna kan gangunan da ke wurin, Faisal ya ɗauki jita. Na duba ƙofa, ta yi nisa. To, wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na buga.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin bai yi daɗi ba. Su suna gabas ina yamma. Amma yaran nan tsalle suke kamar za su fasa ƙasa, Hadiza a gabansu tana ihu tana ɗauka a waya. A karon farko a tarihin 'Yan Kwantena, jama'a suka ji hannuna na gaskiya, kuma babu wanda ya mutu.

A mota muna komawa gida, ta daɗe tana kallona tana murmushi. Can ta ce da Hausa, a hankali, tana zaɓen kalmomi, "Baba, kai... ba ka iya ba. Ko kaɗan."

Na ce, "Na ji, ai an sanar."

Ta ce, "Amma ka tashi ka buga. Ni da guduwa zan yi." Ta kwantar da kanta a kafaɗata har muka iso.

Abin da na koya dai shi ne, in yabo ya zo maka, ka ce na gode ka koma kujerarka. Kada ka ce a kashe na kowa a bar naka shi kaɗai, don ba ka san hannun wa za a ji ba.