Ranar da Na Ɗinke Waƙoƙin Baturke

A Kafanchan, shekarar da naira ta fito, ba wanda ya kai ni gyaran littafin waƙoƙin coci. Kawo mini yagaggu biyu, in fitar maka da lafiyayye ɗaya. Aji huɗu na yi, amma masu digirin nan da ba sa gaisuwa ƙofata suke zuwa.

Maƙwabcina wani Baturke ne, malamin lissafi. Kullum yana duƙe a kan tsofaffin littattafai biyu na rubutun hannu, waƙoƙin mutanensu na da. Ya ce waƙoƙin ɗaya ne, mutum biyu suka kwafa. Da zai je Kachia ya bar mini makulli, na ce bari in yi wa bawan Allah alheri. Na farke su duka, na tsince shafuka masu tsabta, na ɗinke da zaren takalmi, na zuba gam. Ko harafi ban iya karantawa ba, amma ai ina da ido.

Ya dawo, na miƙa masa ina jiran yabo. Sai ya zauna a ƙasa. Ashe bambancin kwafin biyun yake nazari shekara da shekaru, gam ɗina kuwa ba ya saki.

"Maƙwabci," in ji shi, "ko ɓera bai taɓa yi mini haka ba."

Shi ya yafe, har tuwo yake ci a gidana. Matata ce ba ta bari ba. Da 'yarmu ta haifi tagwaye a Madakiya, ina shiga ta daka ihu: "Ku ɓoye ɗaya! Baban Ishaya ya zo da allura!"