Rasuwar Tsuntsuwar Goshin Motar Baba

Cikin baƙin cikin da ya cika mana zuciya har ya hana mu zama wuri ɗaya, mu iyalan Kashihara na tsibirin Innoshima muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Tsuntsuwa, ƙarfen adon da ya zauna a goshin motar mahaifinmu tun kafin a haife ni. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, a garejin gida, a hannun yayana Shigeharu. Sauranta a kan takalminsa muka kankaro.

Marigayiyar ba 'yar babban gida ba ce. Da tutiya da duk abin da ya faɗa tukunya aka zuba ta, aka lulluɓe ta da farin ƙyalli. Amma ta riƙe mutuncinta. Ba ta taɓa faɗowa a hanya ba. Idan an hau gada takan yi fiii, idan an gangara gonar lemu takan yi kar-kar-kar, ba ta taɓa ƙara ko kalma a kan haka ba.

Babban aikinta a ƙarshen rayuwa ta yi shi. Tun da mantuwa ta kama Baba Tomezo ya daina gane mu. Ni yana ce mini nas, Yaya kuwa mai karanta mita. Amma duk ranar da muka ɗauko shi daga gidan kula da tsofaffi, gareji yake nufa, ya ɗora tafinsa a kan Tsuntsuwa, sannan ya yarda gida ya zo, sannan ya ci abinci. In bai taɓa ta ba, a bakin ƙofa zai tsaya da takalmi yana roƙo a kai shi gida.

Jinyarta ta daɗe. Iskar teku ta fito mata da ƙuraje, sai kuma ƙafafunta da ke shiga ramin bonet suka karye. Na ce mu kai ta garin Onomichi wajen mai gyaran bodi, ya manna ta da gam. Yaya, wanda ya yi ritaya daga waldar jiragen ruwa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Fumie, ni da na haɗa cikin jirgi, abin wasan yara ne zai gagare ni? Gam! Matsa can."

"Yaya, na tambayi mutumin fa, cewa ya yi ba a sa mata wuta."

"Mutumin ya taɓa ganin wuta? Miƙo mini tabarau."

Ya kunna, ya kai harshen wuta, ya tsaya yana jira ta yi ja kamar yadda ƙarfen jirgi yake yi kafin ya yi laushi. Irinta ba sa yin ja. Tana nan tana ƙyalli, tana nan tana ƙyalli, sai tsss. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Ga shi ranar Asabar za a kawo Baba bikin tunawa da magabata. Na buga waya har kunnena ya yi zafi. Na zaga 'yan gwangwan na Fukuyama, kowa sai ya yi dariya ya ce irinta ta ƙare tun zamanin kakansa. Yaya ya zauna da zarto ya sassaƙa wata da baƙin ƙarfe, ta fito kamar kifin da aka taka. Muka jefar, muka rufe motar da tamfol, muka shirya ƙarya kala-kala.

Baba bai saurari ko ɗaya ba. Ya yaye tamfol, ya kai hannu, ya samu fenti ƙonanne da rami biyu. Ya shafa. Ya sake shafawa. Ya shinshina yatsunsa. Ni dai na riga na fara neman mukullin motata in mayar da shi gidan tsofaffi.

Sai ya juyo.

"Shigeharu."

Rabon da ya kira sunan nan har mun daina lissafi.

"Kai ne. Ƙunar hannunka ce wannan. Tun kana koyo kake cika wuta, jakin banza!"

"Ni ne, Baba," in ji Yaya, yana sunkuyawa, hawaye na zuba, baki har kunne. "Ƙara faɗa."

Baba ya ƙara. Ya cire takalmi, ya shiga, ya ci shinkafa da kifi yana zagi, ya nemi ƙari.

Marigayiyar ta bar bonet guda da tabo, da ƙannenta 'yan sandunan ado na gefen ƙofa waɗanda muka ɓoye wa Yaya, da noti biyu marayu.

Za a yi mata addu'a gobe Lahadi da safe a haikalin kan tudu, inda ake sallamar tsofaffin allurai da kayan aiki. Mun matso da ranar ne don ba mu san ko Baba zai kai jibi yana tunawa ba. Gawar tana cikin kwanon shayi. Ba a buƙatar furanni, akwai lemu ga kowa.

Yaya zai zauna a sahun gaba, daidai inda Baba zai gan shi. Muna roƙon masu ta'aziyya, in tsohon ya fara, kada kowa ya ba shi haƙuri. Ku bar shi ya zage shi da sunansa.

Sanarwa daga Fumie Kashihara, a madadin iyalai.