Takwarar Iyatu Ta Hau Dutse

"Lafiya lau na tashi, sai dai abin da idona ya gane mini," in ji Iyatu, tun Mudassiru bai ƙarasa gaisuwar ba. Da ma durƙuson ya gagare shi, don wata ƙatuwar jakar goyo ce a bayansa, mai ƙarafuna da 'yar kujera, 'yarsa Sa'adiya na zaune a ciki tana cin igiya.

Mudassiru jikan Iyatu ne. Tun da ya shiga ƙungiyar masu hawan dutse a Kano ba shi da zance sai na duwatsun Riruwai, inda za su je su kwana a tanti. Matarsa Mansura ta fi shi ɗoki, ga yarinya ba a yaye ta ba. Mahaifinsa kuwa ya yanke magana: Sa'adiya takwarar Iyatu ce, in tsohuwa ta ce a'a, babu mai fita da ita, uwarta ma sai ta zauna. Shi ya sa Mudassiru ya biyo ta gidanta da safe, a kan hanyarsa ta gwajin ƙafa zuwa dutsen bayan gari.

"Namiji da goyo! Maigida, yaushe ka haihu ba a kawo mini kunun kanwa ba?"

"Ai ke na tausaya wa, amarya. Na ga bayanki ya lanƙwashe, na ce bari in karɓi aikin."

"Bayan nan ya goyi ubanka, ja'iri. Wannan kuma mene ne? Kejin kaji ka saka mini takwara a ciki?"

"Kujera ce ta alfarma. Har laima gare ta."

"Kuma wai daji za ku kai ta ta kwana? An kore ku daga gidan hayar ne?"

"Kallo za mu je."

"Kallon me? Dutse ya taɓa yin rawa?"

"Ke da kika tsufa a gindin wannan dutsen, kin taɓa hawa?"

"Me na ajiye a can? Ni akuya ce?"

"Akuya ta fi ki haƙori dai. Ki ce tsoro kike ji."

Nan ya taɓo ta. Iyatu ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon majanyi na saƙi, ta ɗaure ƙugunta tamau, ta ɗauki sandarta. Ta ce za ta je ta ga faɗuwarsa da idonta, don ta samu abin faɗa wa ubansa.

Suka bi bakin kanal, babbar magudanar noman rani, ruwa na tafiya shiru a gefensu. Masu ban ruwa a gonakin tumatir suka dinga ɗagowa suna ƙare musu kallo, wasu har da sakin fartanya.

"Ka ga ka tara mana jama'a. Gobe a kasuwar Bunkure ba za a yi zancen farashin albasa ba, sai naka."

"Ke suke kallo. Cewa suke wannan saurayi ina ya samo tsohuwar mota."

"Motar da ta kai shanu har ƙasar Jos da ƙafa, da goyo a baya da ƙwarya a ka! Ba takalmin soja, ba gorar roba mai bututu."

"To me kika gani a Jos ɗin?"

"Ƙaya. Da bayan shanu."

Hawan bai zo da sauƙi ba. Mudassiru ya jiƙe sharkaf, igiyoyin jakar na cin kafaɗarsa, amma ko tsaki bai yi ba, don ya san ana jiran ya yi. Iyatu kuwa ta damƙe wata igiya da ke lilo a bayan jakar, wai don kada ya gangaro da yarinya. Shi dai ya ji nauyin mutum biyu yake ja.

"Amarya, in hau da ke ne? Akwai sauran wuri."

"Ka ji da numfashinka. Kamar injin ban ruwa ya sha iska."

Da suka kai sama, Iyatu ta dogara sandarta ta zuba ido. Shi kansa Mudassiru, da ya saba hawa, sai da ya tsaya kallo. Kore ne shar har iyakar gani: alkama, shinkafa, masara, kowace gona da irin nata koren. Kanal ya ratsa tsakiya yana walƙiya, ƙananan magudanai sun tsattsage daga jikinsa zuwa ko'ina. Can ga hayaƙin injinan casar shinkafa na Kura. Sai ga garken balbelu ya taso daga fadama, farare fat, suna wucewa ta ƙasan ƙafafunsu.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji Iyatu a hankali. "Yau ni ce nake ganin bayan tsuntsu yana tashi."

Sa'adiya ta saki igiyar da take ci. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗar ubanta, ido waje, ta bi balbelun da kallo har suka ɓace, sannan ta ƙyalƙyale da dariya. Iyatu ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Duk 'ya'yan da na goya, ƙeyata kawai suka gani. Wannan ko haƙori ba ta gama ba, ga ta tana kallon duniya."

Mudassiru ya nuna mata gari. Ta nemi gidanta, da ƙyar ta gane shi da bishiyar darbejiya. Ta ɗaga tafin hannunta ta kare shi, da rijiyar, da garken, da maƙabartar da mijinta Jaji yake kwance, duk suka shige bayan hannu ɗaya. Tausayinta ya kama Mudassiru.

"Riruwan nan," ta ce, ba ta dube shi ba, "ya fi wannan tsawo?"

"Wannan jikansa ne."

"Da sanyi?"

"Sosai ma."

Ta kwance majanyin daga ƙugunta, ta karkaɗe shi, ta cusa a gefen 'yar kujerar.

"Da shi na goyi ubanka. Ka lulluɓe mini takwara da shi in dare ya yi. Majanyin ma ya je ya ga abin da bai gani ba a bayana."

"Amarya, kuka kike yi?"

"Iska ce, ɗan nema!" Ta goge ido tana dariya, ta sake kama igiyar jakar. "Ka ci. Amma kada ka motsa tukuna. Ban gama kallo ba."