Rasuwar Attarugu, Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Abdullatif Dawuda, mai shagon taki da maganin feshi a bakin tashar Kankiya, mazaunin Ƙofa ta ƙasar Kusada, nike sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar motata Attarugu. Ta cika ranar Talata da hantsi a masussukar mahaifina, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da bakwai, biyu daga ciki a hannuna. Liman ya riga ya ja mani kunne cewa ƙarfe ba a yi mashi salla, na ji, na kuma karɓa. Amma bai ce kada in yi kuka ba, kuma na yi.

Marigayiyar Golf ce ja mai ƙofa biyu, irin mai haruffa uku a baya, wadda masu mota ke ɗaga gira in sun gani. An haife ta a Jamus, ta shigo ta Kwatano, ta yi aure biyu a Kano kafin rabo ya kawo ta gare ni. Mahaifiyata, Inna Tani, ita ta raɗa mata suna ranar da ta fara ganin ta. Ta ce ga ta 'yar ƙarama, ga ta ja, ga zafin tsiya, ai wannan attarugu ce.

Ya kamata masu ta'aziyya su san yadda muka haɗu, don tun daga nan ciwon ya faro. Ina da bijimai biyu na huɗa, Fari da Gule, waɗanda na raina tun suna maruƙa. Nawa ne, ba wanda zai musa, amma gonar Baba suke nomawa, su ke kai mashi taki, su ke kwaso mashi amfani. Na saida su ga Hamma Umar, Bafulatanin da ke zaune a rugar gefen Sukuntuni, na haɗa da ɗan abin da shago ya tara, na ce mota zan saya. Ban ce wa Baba motar kaya ba ce. Shi ya ɗauka haka, ni kuma na yi shiru, wanda na san shi ma ƙarya ce.

Na tafi Kano da Badaru makanike, aminina, don ya duba mani inji. Iya kuɗinka iya shagalinka: abin da ke aljihuna motoci uku ya iya taɓawa. Akwai wata doguwa mai cin mutum tara, tana tari kamar tsohon mashayin taba. Akwai wata mai ƙofa huɗu, lafiyayya, mai hankali, irin ta mutumin da ya gama da duniya. Badaru ya ce in ɗauki wannan in huta, buhu shida za ta ɗauka ba ta ce uffan ba. Sai can a lungu na hango wata 'yar ja a durƙushe, cikinta kusan a ƙasa. Na ce bari dai in ɗana, ai ɗanawa ba saye ba ne. Da na sa giya ta biyu na taka, sai na ji bayana ya manne da kujera, har na yi dariya ni kaɗai. Shekarata talatin da takwas a lokacin. Tun ina yaro ban taɓa hawa wani abu mai taya ba sai da buhu a bayana, keke ne ko mashin. Ranar ce rana ta farko da na zaɓi abu don kawai yana mani daɗi. Badaru ya dube ni ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa, ya shiga muka taho.

A garinmu, wanda ya yi sabon abu, ko keke ne, yakan kai shi ƙofar gidan mahaifinshi. Tsoho ya fito, ya dafa, ya ce Allah ya sanya albarka, Allah ya tsare. Daga nan abu ya zama na gida. Na tsaya da Attarugu a ƙofar zauren mahaifina Malam Dawuda bayan la'asar, na wanke ta tas. Baba ya fito ya zagaye ta sau ɗaya, hannuwanshi a baya. Ya leƙa but ɗin da bai fi tukunyar biki ba. Ya ƙirga ƙofofi da ido. Sai ya ce, “To.” Ya koma ciki. Bai dafa ba.

Wannan “to” na yi shekara biyu ina ɗauke da shi. Baba bai taɓa yi mani faɗa a kan bijiman ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Damina ta zo ya ɗauki hayar shanun huɗa, ya bi layi kamar kowa, shukarshi ta makara, bai ce mani komi ba. In za shi Juma'a Kusada ya gwammace ya hau bayan ɗan acaɓa. Sau nawa na tsaya na buɗe mashi ƙofa, sai ya ce in wuce, yana jiran wani. Ba ya jiran kowa, jama'a. Na sani, shi ma ya san na sani.

Duk da haka, shaida zan yi wa marigayiya, kuma ta gaskiya. Ba ta taɓa kwana ta ƙi tashi ba. Da safe takan yi gyaran murya, gurrr, gurrr, sannan ta daidaita numfashi. In na ɗaga ƙafa daga totur a gangaren da ke kafin Kankiya, sai ta yi fat, fat-fat, kamar ana fasa gugguru, har masu saida rake su juyo. In na kashe ta a ƙofar shago takan daɗe tana tsik, tsik, tsik ita kaɗai, ni ko ina jin ta ina auna wa mutane taki. Kwanar hanya ba ta ba ta tsoro. Akwai wani lanƙwasa a hanyar Rimaye inda manyan motoci ke rage gudu suna addu'a. Ita nan take jin daɗinta, ta kwanta ta bi shi kamar an ja zare. Ba ta shan mai kamar yadda maƙiya ke yaɗawa, sai in ni na tsokane ta, kuma kullum ina tsokanar ta.

Ta yi zumunci gwargwadon girmanta. Ita ta kai maiɗakina Amatullah asibitin Kankiya ranar haihuwar ɗiyarmu Salma, kuma unguwarzoma ta ce da mun ƙara ko kaɗan da a hanya za a yi. Ta ɗauki amare uku, duk da sai an kwantar da kujerar gaba uwar amarya ta shiga baya da rarrafe tana tsine mani. Aibinta ɗaya, in aibi ne, gajarta. Badaru ya yi ta fama da ni in bari ya ɗaga ta, kamar yadda ake yi wa kowace mota da za ta zauna ƙauye. Na ƙi. Na ce in aka ɗaga ta an kashe mata shan kwana, ta zama kamar kowa. Bara wani kwazazzabo ya ɓalle farantin da ke kare salansarta daga ƙasa, na jefa shi a but na ce sai na samu sarari. Yana nan cikin but ɗin har yanzu, shi kaɗai wuta ba ta canja wa kama ba.

Ga yadda ajali ya zo. Bana Baba ya yi waken suya, Allah ya ba shi, aka yanke aka tara a masussuka. Mai injin casa ya yi alkawari sau uku bai zo ba, masu bugu duk suna gonakin wasu, gara ta fara shiga ta ƙasa, ga shanu an kusa sakin su cikin gonaki. Na ga tsoho yana zagaya tarin nan safe da yamma. Da bijimaina na nan, da tuni an kwashe an kai inda inji yake. Sai na tuna yadda mutanen bakin titi ke baza wake a kwalta motoci su taka masu. Na ce wa Baba in ya yarda a baza, ni zan taka mashi da mota. Wallahi ba wake ne a raina ba. So nike sau ɗaya ya ga ta yi mashi amfani, ko ya dafa ta.

Ya sake zagaya tarin sau ɗaya, sannan ya ce a baza. Muka baza da kauri, a kewaye. Na shiga na tada ta. Ina shirin tafiya sai na ji an ja ƙofar gefe. Baba ne. Ya tattare riga, ya sunkuya da ƙyar, ya zauna, ya ce ya shigo ne don ya nuna mani inda bai taku ba.

Muka fara zagaye a hankali, wake na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinmu. Zagaye na biyar na ɗan taɓa ta, bayanta ya zame kaɗan a kan karan, ta dawo. Na saci kallon Baba, na ga ya riƙe hula da hannu ɗaya. Na ce a raina yau na shiga uku. Sai na ji ya ce, “Iyakarta ke nan? Taka ta mana.”

Na taka. Jama'a, na taka. Attarugu ta yi kururuwa, ƙaiƙayi ya tashi sama, muna juyawa, kuma Malam Dawuda, mutumin da ban taɓa ganin haƙoranshi na ciki ba, ya ƙyalƙyale da dariya yana dukan gwiwa. Ban san zagaye nawa muka yi ba. Na san dai da a ce in tsaya in leƙa ƙasanta ko sau ɗaya, da yanzu ba wannan takarda nike rubutawa ba. Busasshen kara ya yi ta naɗewa a jikin salansa mai zafi, ba faranti, ba tsawo, ni ko ina can ina kallon dariyar ubana.

Ƙauri muka fara ji, sai hayaƙi ta ƙarƙashin kujera. Na tsaya, na zagaya da gudu na ciro Baba, don kujerar ta yi ƙasa, gwiwoyinshi ba sa tada shi da sauri. Hularshi ta faɗi ciki. Kafin mu yi taku goma wuta ta kama ta, ta kuma kama waken da ke kewaye. Mutanen gonakin kusa suka sheƙo, kowa ya nufi wake da manjagara da reshe, kuma gaskiyarsu, wake abinci ne. Ni na tsaya kamar an dasa ni. Da na waiwaya sai na ga Baba, kai ba hula, yana ɗibar ƙasa da gaban rigarshi yana watsa wa motar. Wakenshi na ci da wuta a bayanshi bai ko juya ba. Yana kiran mutane da sunayensu, yana cewa su bar waken su zo nan.

Ba ta yiwu ba. Da wuta ta kai ga wayoyinta, hon ya kama da kanshi, ɗiiiii, dogo, ba yankewa, har muryar ta shaƙe ta mutu. Maganarta ta ƙarshe ke nan. Sulusin waken ya tafi tare da ita. Da komi ya lafa, ƙarfe ya huce, Baba ya matsa ya ɗora tafinshi a kan rufinta da ya koma baƙi, ya daɗe a haka, leɓɓanshi na motsi. Ban ji abin da ya ce ba, ban kuma tambaya ba. Shekara biyu ina jiran hannun nan.

Marigayiya ta bar ni, mijinta na uku kuma na ƙarshe. Ta bar Amatullah, wadda ta sha cewa na fi kula da mota a kanta, amma ita ta fara fashewa da kuka. Ta bar Salma, da ke gudu ƙofar gida duk sanda ta ji ƙarar wata mota. Ta bar Badaru, wanda ya zo ya duba gawar ya tafi bai ce “ai na faɗa maka” ba, Allah ya saka mashi. Ta bar makulli biyu, da safaya da ke shago ana jiran a yi mata faci, da inuwar darbejiya wadda yanzu awaki suka gaje.

Za a yi rakiya ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, daga masussukar Malam Dawuda. Da yake ba taya, Hamma Umar ya ce zai kawo Fari da Gule su ja ta zuwa bakin kwalta, kuma ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. A can motar 'yan gwangwan za ta ɗauke ta zuwa Kankiya. Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya ce gara da ba rai ba ne, na sani, an faɗa mani sau ɗari. Kada kuma wani ya zo mani da labarin wata mai ƙofa huɗu da ake saidawa da sauƙi.

Zaman karɓar gaisuwa kwana ɗaya ne, bayan an dawo. Da na ce a ƙofar shagona za a yi, amma an canja. A zauren Malam Dawuda za a zauna, mai zuwa ya zo can. Shi ya sa a shimfiɗa tabarmi, ya ce ba ni kaɗai aka yi wa rashi ba.